Kafin Ka Kwance Wa Tsinke Igiya

Daga Deira, Dubai.

Zuwa ga Yaya Lawan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kun isa lafiya kai da Tsinke, kuma hanya ba ta wahalar da ita ba. Allah Ya tsare ku a inda kuke, Ya kare ku daga sharrin mai jan ciki da mai tafiya da ƙafa, Ya haɗa ka da alherin arbab ɗinka, wato ubangidanka. Baba da Umma suna gaishe ka.

Na san za ka yi dariya idan ka ga takarda, ka ce wa ke rubuta wasiƙa a zamanin waya. Na gwada wayar. Na karɓi ta Umma na shige ɗaki don in yi maka saƙon murya, na danna. Sallama ce kawai ta fito, sai numfashi, na goge. Ranar da ka zo ɗaukar ta ma haka aka yi. Ka tsaya a jikin mota a ƙofar siton Baba ka ce, "To Uwar Tsinke, babu jawabin bankwana?" Masu lodi suka fashe da dariya, ni kuma na sunkuyar da kai ina murza bakin hijabi, alhali cikina cike yake da magana. Mota ta tashi ina hango kanta ta gilashin baya. Shi ya sa na zauna na rubuta. Malam Iliya, mai tuƙa motar ɗaga kaya a sito, ya ce direban da ke kai muku abincin awaki abokinsa ne, zai ba shi ya kawo maka. Akwai leda tare da takardar nan. Kada ka buɗe ta a gaban Tsinke sai ka gama karantawa.

Tunda kun ce ni ce uwarta, to ka yi haƙuri ka saurari uwa. Ni na tsince ta a ƙarƙashin kwantena a Al Quoz, ranar da na raka Baba kai wa masu lodi abinci, idonta ko gama buɗewa bai yi ba. Ni na ba ta madara da murfin gora har ta iya lasa da kanta. Malam Iliya ya san uwarta, ya ce salugi ce, irin dogayen karnukan farautar Larabawa, ubanta kuwa wani mai gashi buzu-buzu ne da ke yawo tsakanin garejoji. Ta ɗauko ƙafafun uwa da kan uba. Baba ya ce irin wannan ruwa-biyun mafarauta na son sa, don ga gudu ga tunani. Amma Yaya, har yanzu yarinya ce. Tsawonta ne ke ruɗar mutane. Ko shekara ba ta cika ba.

Na ji abin da ka faɗa wa Baba a falo, kuna tsammanin hankalina na kan wanke-wanke. Ka ce yanyawa, wannan da Larabawa ke ce wa husaini, ta addabi izba, wato gonar dabbobin da kake kiwo, tana haƙa ta ƙarƙashin waya tana kwashe kaji da tattabaru. Ka ce arbab ya yarda a kawo karyar a gwada. Idan ta iya ta zauna. Idan ba ta iya ba, khalas, an gama, shi ba ya ciyar da bakin banza, a cire mata igiya a sauke ta a hanya. Na san abin da wannan ke nufi. Ina ganin irinsu a bayan sito, haƙarƙari duk a waje, suna lasar ruwan da ke ɗiga daga bututun esi. Wasu har da abin wuyansu, alamar sun taɓa samun mai su. Tun daga ranar abinci ba ya wuce mini da daɗi.

Abin da ya fi damuna shi ne, duk abin da zai sa ta kasa, ni na koya mata shi. Ba da gangan ba, don ban san inda rayuwa za ta kai ta ba. Gara ka ji daga bakina tun kafin ka gani da idonka a gaban mutane.

Ka fara da kaji, Yaya, kafin ka yi tunanin yanyawa. Lokacin tana ƙarama wani katan ya fashe a sito, na samu abin kakkaɓe ƙura a ciki, irin mai gashin tsuntsu. Na ɗaura shi a igiya ina ja a ƙasa tana bi. Idan ta cafke sai in ba ta wuyan kaza daga ragowar da Umma ke cirewa idan za ta yi wa 'yan kasuwa miya. Kullum haka muke yi, ina jin daɗin ganin yadda take lanƙwasa jiki a guje kamar ba ƙashi. Wata rana da la'asar tattabaru suka sauka tsintar shinkafar da ta zube a tsakar sito. Kafin in ƙifta ido ta yi tsalle ta kama ɗaya a sama, tana shirin tashi. Masu lodi suka yi ta tafi suna ihu, ni ma na shafa kanta ina murmushi. Malam Iliya ne kawai bai yi dariya ba. Ya kashe motarsa ya ce, "Rabi, kin san karatun da kika biya mata yau? Kin ce mata duk mai gashin tsuntsu halak ɗinta ne." A lokacin ban ɗauki maganar da nauyi ba, don wace kaza ce a Al Quoz in ba ta cikin firji ba? Yanzu ga shi an kai ta inda kaji ke yawo a tsakar gida.

Ka ga idan ta kashe kaza ɗaya tak, arbab ba zai jira ya ga gudunta ba. Zai ce an kawo masa yanyawa ta biyu, mai dogayen ƙafafu. Don Allah kada ka sake ta kusa da akurki. Ka riƙe ta a gajeriyar igiya ka je ka zauna da ita a wurin, safe da yamma. Ka lura da kunnenta. Idan ta ga abin da take so ta kama ba ta haushi, sai dai jikinta ya sandare, kunne ɗaya ya miƙe, ta ɗan ɗaga ƙafar gaba. Da ka ga haka ka juyar da kanta wajenka, ka ce "a'a" a hankali. Idan ta kau da ido da kanta, ka sosa mata bayan kunne, nan ne wurin da ta fi so. Ka yi ta yi har ranar da kaza za ta tsallake ƙafarta tana kwance ba ta motsa ba. Kuma kada kowa ya jefa mata ragowar kazar da yanyawa ta bari, ko da wasa. Na san za a ce ai asara ce a zubar. A zubar ɗin.

Sai ƙafafunta. Tsinke ba ta san rairayi ba. A kan siminti da kwalta ta tashi. A kan ƙafar nan na yi wautar da har yau idan na tuna nake jin kunya. Cikin tsakiyar zafi Baba ya aike ni kantin da ke tsallaken titi in sayo ruwa, da azahar, na tafi da ita. Ni ina sanye da takalmi. Muna cikin tafiya na ga tana ɗaga wannan ƙafa ta sauke, ta ɗaga waccan, tana 'yar rawa. Na ɗauka wasa take yi, har ina ce mata ta daina shiririta. Sai da muka isa inuwa ta zube tana lasar tafin ƙafarta na ga fatar ta saɓule, ja wur. Ko kuka ba ta yi ba, Yaya. Haka take, ba ta faɗin ciwonta. Na sungume ta na tsallako titi, ƙafafunta na jan ƙasa don ta kusa kai ni tsawo, direbobi na ta danna mini hon.

Malam Iliya ya ce ya taɓa ganin Larabawa na ɗaura wa salugi lalle a ƙafa don fatar ta yi tauri. Da ta warke sai na kwaɓa wanda na samu a gida na riƙa shafa mata. Ranar da Umma ta nemi lallenta ta rasa, ta ga hannuna ja, ta ce, "Ke Rabi, ina sauran?" Na ɓoye hannun a baya. Baba ya ce, "Ai yana can a ƙafar jikarki." Umma ta dafe ƙirji ta ce, "Lallen da na yi guzurinsa tun daga Kano, na ajiye don Salla, shi kika ɗaura wa kare? Amarya ce?" Ta yi kwana biyu tana mita. Amma da ta ga ina haɗa ledar nan, ita da kanta ta ƙulla wani ta jefa a ciki.

Ka kwaɓa shi da ruwa zalla, kada ka sa masa komai, ka shafa mata da yamma idan ta kwanta. Kafin ka fita da ita kuwa, ka cire takalminka ka taka rairayin da ƙafarka. Idan ba za ka iya tsayawa ba, ita ma ba za ta iya ba, bambancin kawai ita ba za ta faɗa maka ba. Ka fara da tafiya da sassafe, ba gudu ba, har ta saba da ƙasar da ke nutsewa a ƙarƙashinta. Idan kun dawo ka buɗe tsakanin yatsunta ka duba ƙaya. Ruwa kuma kaɗan-kaɗan idan tana haki. Idan ka bar ta za ta shanye bokiti ta amayar.

Ka ga tabon da ke kan hancinta, wanda ka tambaya na ce ba komai? Kyanwa ce. Wata kyanwa ta haihu a ƙarƙashin katakan da ake ɗora kaya, can cikin duhu. Masu lodi suna yawan tsokanata, suna cewa karyata matsoraciya ce kamar uwar ɗakinta. Abin ya ci mini rai. Wata rana da suka tafi salla na ja ta zuwa bakin wurin na nuna mata, na ce ta shiga. Ta tsaya tana kallona. Na tura ta ta baya. Don ta yarda da ni ta cusa kai. Ban ga abin da ya faru ba, ƙararta kawai na ji, ta fito da baya jini na zuba daga hanci. Saura kaɗan ya zama ido. Tun daga nan idan ta ga wani lungu mai duhu sai ta yi kwana ta zagaye shi, bindi a tsakanin ƙafafu.

Da Baba ya ga ciwon bai yi mini faɗa ba. Ya zaunar da ni a kan katan ya ba ni labarin Kaka, mahaifinsa, wanda ka san mafarauci ne a ƙauyenmu. Ya ce Kaka ba ya taɓa kai sabon kare bakin rami. Dabbar da ke cikin rami ba ta da wurin gudu, haƙoranta ne kawai a gaba, kuma karen da aka ciza ranar fitarsa ta farko da wannan tsoron zai tsufa. Ya ce abin da Kaka ke yi shi ne ya riƙe ƙaramin a igiya, ya saki tsohon kare, ƙaramin na kallo. Zai yi ta fizga, yana kuka, igiya na shaƙe shi, Kaka ba zai sake shi ba. Gobe ma haka. Sai ya ƙoshi da kallo, kwaɗayin bi ya rinjayi tsoro, sannan wata rana, a fili, bayan tsohon ya riga ya yi gaba, sai kawai Kaka ya buɗe hannu.

Ka ce akwai tsohon salugi a izbar, Shahin, wanda ƙafarsa ta fara gajiya. To shi ne malaminta, ba kai ba. Ka bar su su saba tukuna, amma kada a haɗa musu kwano ɗaya, don tsoho ba ya son yaro a kan abincinsa. Ka kai ta inda yanyawa ta haƙa a gindin waya, ka bar ta ta shinshina iya son ranta, ta bi sawun a igiya. Idan yanyawar ta fito da asuba ko gab da magariba, ka saki Shahin, ita ka riƙe ta. Ranar da za ka sake ta, ka tabbata a fili ne, kuma Shahin na gaba. Idan yanyawa ta faɗa rami, shi ke nan, an tashi wasa, ka kira ta ku koma. Ba sai ta kashe ba, Yaya. Baba ya ce yanyawar da aka kora da gudu irin na Tsinke, ta ji numfashin kare a bindinta, za ta daɗe ba ta sake sha'awar kajin gidan ba. Ai abin da arbab ke so ke nan, kajinsa su kwana lafiya. Ya kuma ce in tuna maka kada farautarku ta wuce wayar izba, don hukumar ƙasar nan ba ta wasa da namun daji, kai kuma baƙo ne mai zaman biza.

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa iya faɗa maka a ido ba, ka yafe mini. Ba ka son a yi maka dariya. Ka tuna a Kano da yaran layinmu suka ce ba za ka iya dirowa daga katangar makaranta ba? Ka diro, ka yi wata guda da ɗauri a ƙafa. Abokan aikinka za su taru su ga karyar birni. Za su ce, "Yalla ya Lawan, sake ta mu gani, ko ado ka kawo mana?" Arbab zai tsaya a jikin motarsa yana duba agogo. Zuciyarka za ta ce ka sake ta ka rufe musu baki. Ni ma abin da ya sa na tura ta wurin kyanwa ke nan, don a daina yi mini dariya. Dariyar ta wuce tun a ranar, tabon yana nan. Ka bar su su yi. Ka ce musu shwaiya shwaiya, wato sannu-sannu, ai su suka koya mana kalmar.

Saura babban, wanda saboda shi na aiko da ledar.

Tsinke ba ta san a kira ta da murya ba. Lokacin da na tsince ta ɓoye ta na yi a bayan tsofaffin tayoyi, don ban san ko Baba zai yarda ba, saboda haka ba halin in tsaya a tsakar sito ina kiran kare. Ko da ya sani ya ƙyale, ka san ni, ba zan iya ɗaga murya a gaban maza ba. Sai na riƙa ƙwanƙwasa cokali a bakin kwanon silbar da nake zuba mata abinci. Da ta ji, ko ina take za ta zo. Da haka ta girma. Sunan ma masu lodi ne suka sa mata saboda ƙafafunta, ita ba ta san nata ne ba. Abin da ta sani game da ɗaga murya ɗaya ne, wato an yi fushi, a gudu.

Ba ka nan ranar da aka yi abin da ya sa Baba ya ce sai ta bar sito, labari kawai ka ji a taƙaice. Zafi ya yi yawa, tana ɗaure a waje tana haki, na tausaya mata na kwance ta na shigar da ita ciki, na ce minti kaɗan ta sha sanyi. Sai aka kira ni raba abinci na manta. Ashe wata Hajiya daga Kano ta zo duba kayanta kafin a loda, an buɗe mata ɗaurin sallaya. Suna zagayowa ita da Baba, sai ga Tsinke a miƙe a kan sallayun, ta yi matashi da ɗaya, tana barci. Hajiya ta zunduma salati. "Innalillahi! Alhaji, kare? A kan sallayar da bayin Allah za su sa goshi? Wannan sito ne ko gidan Nasara?" Baba ya daka tsawar da ban taɓa jin irinta daga bakinsa ba. Tsinke ta zabura ta fice ta ƙofa kamar an harba kibiya, ta faɗa titi cikin tireloli.

Kowa ya bi ta. Masu lodi, mai gadi, har da yaron shayi na maƙwabta, kowa na ihu da yarensa, wannan na "Tsinke!", wancan na "Ta'al, ta'al!" Duk ihun da aka yi sai ta ƙara wuta. Ina gani wata tirela ta taka birki har taya na hayaƙi. Daga nan ta ɓace. Suka dawo suna haki suka ce ta tafi ke nan. Ni ban bi su ba. Da wurin ya yi shiru na ɗauko kwanon na tsaya a bakin ƙofa, na ƙwanƙwasa. Na jira. Na sake ƙwanƙwasawa. Can sai na ga wani abu na motsi a ƙarƙashin tankar ruwa a ƙarshen layi. Ta fito tana jan ciki, duk ta yi baƙi da man inji, ta zo ta sa kanta a kan ƙafata tana rawar jiki.

A Al Quoz akwai katanga ko'ina, dole ta tsaya a wani wuri. A inda kuke kuwa, idan ta bi yanyawa ta ramin ƙarƙashin waya ta fita, babu abin da zai tare ta sai inda numfashinta ya ƙare. Za ku yi ihu, don haka kowa ke yi. Kuma duk ihu ɗaya zai ƙara nisanta ta da ku. Wannan ne ke hana ni sukuni. Ina rufe ido sai in gan ta ita kaɗai a kan tudun rairayi, rana ta ɗaga, tana juyawa tana neman ƙarar da ta sani.

Kwanon ne a cikin ledar, da cokalinsa. Kada ka canza cokalin, na gwada da wani, ƙarar ba ɗaya ba ce. Ka fara tun yau: ka ƙwanƙwasa, idan ta zo ka zuba mata abinci a ciki da hannunka. Kada ka taɓa kiranta da shi don ka dake ta ko ka yi mata faɗa, ko me ta yi, don idan ta daina yarda da kwanon ba sauran abin da zai dawo da ita. Kada ka kwance mata igiya a fili sai ka ga tana baro ko me take yi ta zo. Ranar fita ka sa shi a cikin rigarka. Za su yi dariya su ce mafarauci da kwanon tuwo. Ka roƙe su, idan ta yi nisa kowa ya yi shiru.

Akwai abu ɗaya da na yi bayan tafiyarku. Jiya na kai wa Baba abincin rana a ofishinsa na Al Buteen. Ka san yadda wurin yake, 'yan kasuwa cike, ana shan shayi ana rigimar kago, wato dakon kaya. Kullum ajiyewa nake yi in fice. Jiya na ajiye na tsaya. Baba ya ɗago ya ce, "Lafiya, Rabi? An manta miya ne?" Na ce a'a. Na ce, "Baba, idan ba ta iya ba a dawo da ita." Ni kaina ban ji abin da na faɗa ba. Wani Alhaji mai ƙaton ciki ya ce, "Me 'yar taka ke cewa? Ko da aljanu take magana?" Aka yi dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai na tuna karnukan bayan sito. Na ɗaga kai na sake faɗa, da ƙarfi har na tsorata kaina: "Baba, idan Tsinke ba ta iya ba, kada a sauke ta a hanya. A dawo da ita."

Baba ya ce, "Kin manta sallayar Hajiya?"

Na ce, "Ban manta ba. Ni na shigar da ita. Malam Iliya ya ce zai buga mata keji da tsofaffin katakai a bayan sito, inda ba kaya, ya yi mata rumfa."

Ya ce, "Ashe har kun gama shawara, mai siton ne na ƙarshen ji."

Ya kalle ni, yana juya kofin shayi a hannu. Alhajin nan ya ce, "Kai Alhaji, yau ka ji muryar 'yarka, ai ko don wannan ka yi sadaka." Baba ya yi murmushi kaɗan ya ce, "Ki faɗa wa yayanki, idan arbab ya ce khalas, kada ya yi gardama, kada kuma ya cire mata igiya. Ya kira ni in turo mota. Amma wallahi ƙafarta ta sake taka cikin sitona, ke da ita zan haɗa in loda a kwantena sai Kano." Aka sake fashewa da dariya, wannan karon har da ni, ina yi ina share hawaye da hijabi.

Saboda haka ba ka da dalilin gaggawa, Yaya. Tana da wurin dawowa. Idan arbab ya matsa maka ka sake ta kafin ta shirya, gara ka ce ba ta iya ba, ka dawo mini da ita da idonta biyu da ƙafafunta huɗu.

Da na ba Umma labari ta ce, "To ke yanzu wanne kike roƙo, ta iya ko ta kasa? Don idan ta iya, ba ki ƙara ganinta sai dai a hoto." Na yi ta tunani har na idar da sallar la'asar. Kejin bayan sito taku nawa ne? Ita kuwa ban taɓa ganin ta yi gudu har ƙarshen gudunta ba, kullum katanga ce ke tsayar da ita. Da na ɗaga hannu sai na ji bakina na cewa Allah Ya sa ta iya.

Na wanke kwanon kafin in sa a leda. Da na zo ɗaurewa cokalin ya bugi bakinsa, na juya ina duba ƙofa, alhali a filat nake, hawa na uku.

Allah Ya tsare ka, Ya tsare ta, Ya kau da idon maciji da kunama daga hanyarku. Allah Ya ba ka haƙurin riƙe igiya, Ya nuna maka ranar da ya dace ka buɗe hannu. Ka gaishe da Shahin, ka ce na ba shi amana. Idan ta yi gudunta na farko ka kira wayar Umma ka ba ni labari, ko ban yi magana ba ina ji.

Kuma idan za ka ƙwanƙwasa, ba sai da ƙarfi ba. A hankali ma tana ji.

Wassalam. Ƙanwarka,
Rabi, Uwar Tsinke.